Tambaya da Amsa: Wa Yake Gyara Harshen Python, Kuma Ina Matsayin Ƙ, Ɗ da Ɓ a Cikinsa?

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan, waɗanda yawancinsu daga garuruwan jihar Kebbi suka fito, kusan duk sun taru a kan magana ɗaya, wato yadda ake gyara harsunan rubuta manhaja da aka sake wa jama'a kyauta, da yadda masu gyaran suke shawara a tsakaninsu kafin su taɓa wani abu. Tun da Python ne harshen da mafi yawan masu tambayar suke koyo ko suke aiki da shi, a kansa zan fi tsayawa, sai dai in waiwayi wasu harsunan inda misalinsu zai ƙara haske. Na gajarta wasu daga cikin wasiƙun saboda ƙarancin fili, amma ban sauya manufar kowa ba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a aji biyu na sashen ilimin kwamfuta a Aliero. Malaminmu ya ce Python ba na wani kamfani ba ne. To, idan haka ne, wa yake yanke hukuncin abin da za a ƙara ko a cire? Na kuma ji an ce wanda ya ƙirƙiro shi ya yi fushi ya bar musu abinsu. Shin da gaske ne?

AMSA: Barka kadai, ƙanena. Malaminku ya faɗi gaskiya. Guido van Rossum, mutumin ƙasar Holan, shi ne ya fara rubuta Python a lokacin da yake aiki a wata cibiyar bincike da ke Amsterdam, ya kuma sake shi ga jama'a a shekarar 1991. Tun 2001 akwai gidauniyar Python Software Foundation wadda take riƙe da haƙƙin mallakarsa ba don neman riba ba, amma ba ita ce take cewa a ƙara kaza ko a cire kaza ba. Wannan aikin masu kula da harshen ne, kuma suna da hanya sananniya da suke bi.

Hanyar ita ce takardar shawara da ake kira PEP, wadda aka fara amfani da ita a shekarar 2000. Duk mai son a yi babban sauyi sai ya zauna ya rubuta mene ne matsalar, su wa take damu, yaya gyaran zai kasance dalla-dalla, wace tsohuwar manhaja ce zai iya lalatawa, da kuma yadda za a koyar da shi ga masu koyo. Akwai wani sashe da na fi ƙauna a cikin waɗannan takardu, inda marubucin yake jera hanyoyin da aka duba aka ƙi ɗauka, tare da dalilin ƙin kowace. Idan mai shawarar ba ya cikin manyan masu kula da harshen, sai ya sami ɗaya daga cikinsu ya tsaya masa. Kowace takarda tana da lambarta, kuma ko da an ƙi amincewa da ita ba a shafe ta, domin wanda zai zo da irin wannan tunani bayan shekara goma ya tarar da hujjojin da aka riga aka tattauna, kada a koma gidan jiya.

Batun fushi kuwa, akwai gaskiya a ciki, sai dai an ƙara masa gishiri. A shekarar 2018 aka kawo takarda mai lamba 572, wadda ta nemi a shigo da alamar := domin mai rubutu ya iya ajiye ƙima a ƙarƙashin wani suna a tsakiyar jimla, ba sai ya ware mata layi ba. Masu so suka ce za ta rage maimaici, masu ƙi suka ce za ta sa rubutu ya yi wuyar karantawa, musamman ga mai koyo da bai gama bambanta = da == ba. Muhawarar ta ɗauki watanni, ta yi zafi har ta wuce batun alama ta koma kan mutane. Guido ya amince da takardar, sannan a ranar 12 ga Yuli, 2018, ya sanar cewa ya sauka daga matsayinsa na mai yanke hukuncin ƙarshe. Daga nan masu kula da harshen suka zaɓi tsarin majalisar mutum biyar, wadda su da kansu suke zaɓa ta hanyar ƙuri'a, kuma majalisar farko ta kama aiki a farkon 2019 har da shi Guido a cikinta. Alamar ta shigo a siga ta 3.8 a watan Oktoba na wannan shekarar. Saboda haka bai bar Python ba, kujerar da ta yi wa mutum ɗaya nauyi ce ya ajiye. Ni a ganina, abin da ɗalibi irinka zai ɗauka a nan shi ne cewa mutanen da suke wannan aiki suna gajiya kamar kowa, kuma kaushin harshe a wurin shawara yana iya korar wanda ya fi kowa sanin aikin.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Ni malamar makaranta ce a Argungu, kuma ni ce nake riƙe da littafin wata ƙungiyar mata masu sarrafa shinkafa. Ɗan yayata ya rubuta mini ƙaramar manhaja da Python domin ajiye sunaye da adashi. Amma idan na buɗe fayil ɗin, duk inda akwai ƙ ko ɗ sai in ga wasu alamomi da ban sani ba, wani lokaci ma manhajar ta tsaya cak. Idan kuma ta jera sunaye, masu farawa da Ɗ sai su koma can ƙasa bayan Z. Yaron ya ce mu daina sa ƙugiya kawai. Ko ka ba ni wannan shawarar?

AMSA: Malama, ina amsawa, kuma ina roƙonki kada ki karɓi wannan shawara. Ke da kike cikin masu aikin shinkafa kin fi ni sanin cewa daka daban, ɗaka daban, haka nan baki ba baƙi ba ne, kafa kuma ba ƙafa ba ce. Ƙugiyar nan ba ado ba ce, harafi ne cikakke, kuma matsalar da kike gani tana da magani wanda bai wuce layi ɗaya ba. Amma bari in fara da asalinta, domin a cikinta ne amsar da ta fi muhimmanci a wannan wata take.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kawai ta sani, don haka dole a yi yarjejeniyar wace lamba ce take wakiltar wane harafi. Tsohuwar yarjejeniyar da aka yi a Amurka, wadda ake kira ASCII, gurbi 128 kawai take da shi, kuma Turanci aka yi wa ita. Daga baya aka kafa Unicode, wanda ya ba kowane harafi na harsunan duniya lambarsa. A cikinsa ƙ tana da lamba 409, ɓ tana da 595, ɗ kuma 599. Hanyar da aka fi amfani da ita wajen ajiye waɗannan lambobi a fayil ita ce UTF-8, wadda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, kuma a cikinta kowane ɗaya daga haruffanmu masu ƙugiya gurbi biyu yake ci maimakon ɗaya. To, a kan Windows, idan mai rubuta manhaja bai faɗa wa Python tsarin da zai bi ba, sai ya ɗauki tsohon tsarin da kwamfutar ta zo da shi, wanda a yawancin kwamfutocinmu shi ne mai lamba 1252 na harsunan yammacin Turai. Wannan tsari ba shi da ƙ kwata-kwata. Idan aka nemi ya rubuta ta, sai manhajar ta tsaya da saƙon kuskure, idan kuma aka ba shi fayil na UTF-8 ya karanta, sai ya ɗauki gurbin nan biyu a matsayin haruffa biyu, ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É da dogon layi a gefenta. Ina kyautata zaton su ne alamomin da kike gani. Ki ce wa ɗanki, duk inda ya yi amfani da umarnin open, ya ƙara encoding="utf-8" a ciki, a wajen rubutawa da wajen karantawa duka.

Ni ma na taɓa ɗanɗana wannan. Wata shekara na shirya wa wata makaranta jerin sunayen ɗalibai, aka buga takardun sakamako ba tare da an duba ba, sai ga iyaye sun zo suna tambayar abin da ya sami sunayen 'ya'yansu. Na ji nauyin abin ƙwarai, domin suna abu ne da iyaye suka zaɓa da addu'a, kuma tun daga ranar ban sake buɗe fayil ba tare da na faɗi tsarin haruffansa ba.

Yanzu ga inda maganar ta haɗu da batun shawara. Wannan matsala ba ta ɓoyu ga masu kula da Python ba, sun shafe shekaru suna warware ta daki-daki. Tun siga ta 3.0 aka mayar da duk rubutu a cikin harshen ya zama na Unicode, aka kuma yarda a sa wa abubuwa suna da haruffan da ba na Turanci ba, saboda takarda mai lamba 3131 da Martin von Löwis, Bajamushe, ya rubuta, shi ya sa yau ɗanki zai iya kiran ma'ajiyar lissafinsa kuɗi ko ƙauye, da ƙugiyarsu, Python ya karɓa. A siga ta 3.7, a 2018, Victor Stinner, Bafaranshe, ya kawo yanayin da mutum zai kunna domin komai ya bi UTF-8. Sannan Inada Naoki, mutumin Japan, ya rubuta takarda mai lamba 686, wadda aka amince da ita, cewa daga siga ta 3.15 wannan yanayi zai zama shi ne na asali ko mutum bai nema ba. Ki lura da su wane ne suka ɗauki wannan aiki a kansu: Bajamushe, Bafaranshe da mutumin Japan, waɗanda dukkansu harsunansu suna da haruffan da tsohon tsarin Amurka bai sani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba ƙiyayya ce ta sa aka manta da ƙ ba, rashin mai faɗa ne, kuma ba na jin akwai wanda zai faɗi damuwar Hausa da kyau idan masu Hausar sun zaɓi su cire ƙugiya su yi shiru.

Batun jeri kuwa, Python yana jera kalmomi bisa lambar haruffansu ne. Ƙaramar z lambarta 122, don haka duk harafi mai ƙugiya zai zo bayanta, kuma idan kika jera garuruwa za ki ga Ƙauran Namoda ta faɗo bayan Yauri da Zuru. A nan ba na ganin laifin masu harshen, kuma ba na tsammanin za su sauya, domin babu jeri ɗaya da ya dace da kowa. Jamusawa suna ajiye ä kusa da a, mutanen Suwidin kuwa suna kai ta can bayan z, to wanne za a ɗauka? Abin da aka yi shi ne, ƙungiyar Unicode tana da rumbun ƙa'idojin harsuna mai suna CLDR, kuma a ciki akwai jerin Hausa, inda ɓ take bin b, ɗ take bin d, ƙ take bin k. Ɗanki zai iya kaiwa ga wannan ta ƙunshin PyICU, wato ƙarin manhaja da ake saukowa a haɗa da Python, ko kuma, tun da aikinku ƙarami ne, ya rubuta baƙaƙen Hausa a jere da hannunsa ya ce wa manhajar ta bi su, abin da ba zai ci masa layi goma ba.

Akwai tarko biyu da ba ki tambaya ba, amma za ki gamu da su. Umarnin title, wanda yake mayar da farkon kowace kalma babban baƙi, yana ɗaukar alamar hamza a matsayin ƙarshen kalma, sai jama'a ta koma Jama'A, kuma littafin jagorar Python da kansa ya yi gargaɗi a kan wannan. Na biyu, mu a Nijeriya 'ya'ya muke rubutawa, 'yan'uwanmu na Nijar kuwa ƴaƴa, kuma a wurin kwamfuta waɗannan kalmomi biyu ne mabambanta. Ga mutanen Kamba da sauran garuruwan bakin iyaka, inda takardu suke shigowa daga ɓangarorin biyu, dole manhaja ta san cewa abu ɗaya ne kafin ta iya nemo suna.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare a Zuru. Littattafan da muke da su idan yara suka kwafi misalan ciki sai kwamfuta ta ƙi karɓa. Sannan sabon Python ya ƙi hawa kwamfutocinmu masu Windows 7. Me ya sa waɗannan mutane ba za su bar abu yadda yake ba?

AMSA: Malam, Allah ya saka da alheri a kan wannan aiki da kake yi. Ina da yaƙinin littattafanku na Python 2 ne. Alamar da za ka gane ita ce, idan aka rubuta print aka bi shi da kalma ba tare da baka biyu ba, to tsoho ne. Haka nan a tsohon, 5/2 yana ba da 2, a sabon kuwa 2.5. An fitar da Python 3.0 a watan Disamba na 2008, kuma da gangan aka karya jituwa da na baya, babban dalili shi ne batun haruffa da na yi wa Malama bayani a sama. An yi zaton mutane za su ƙaura cikin 'yan shekaru, har aka sa 2015 a matsayin ƙarshen Python 2, amma sai da aka ɗaga zuwa 1 ga Janairu, 2020, domin kamfanoni da jami'o'i suna da tarin rubutun da ba a iya sauyawa dare ɗaya. Gyaran ya zama dole, amma an raina wahalar da zai jawo, kuma masu kula da harshen sun ɗauki darasi. Ƙa'idarsu a yanzu ita ce, kafin a cire wani abu sai an yi gargaɗi a kansa na aƙalla siga biyu. Haka aka bi kafin a cire distutils a siga ta 3.12 a 2023, da wasu tsofaffin sassa irin su cgi da telnetlib a siga ta 3.13 a 2024, waɗanda aka daɗe babu mai kula da su. Wasu harsunan sun zaɓi wata hanya: masu Go sun yi alkawari tun 2012 cewa abin da aka rubuta da sigarsu ta farko zai ci gaba da aiki, masu Rust kuma suna tara sauye-sauyen da za su iya karya rubutu su fitar da su a matsayin bugu na musamman, kamar na 2018 da 2021, wanda mutum yake shiga idan ya shirya.

Game da Windows 7, siga ta 3.8 ce ta ƙarshe da take hawa kansa, kuma an daina yi mata gyaran tsaro tun Oktoba na 2024. Kowace siga shekara biyar ake kula da ita, sabuwa kuma tana fitowa duk watan Oktoba. Domin koyar da yara a aji, a kwamfutar da ba ta shiga intanet, 3.8 za ta wadatar da kai. Amma idan shugaban makarantarku ya amince, ka gwada ɗora Linux mara nauyi, wato manhajar da take gudanar da kwamfuta a madadin Windows, a kan ɗaya daga cikin kwamfutocin, domin ka sami sabuwar siga. Dalilina ba son sabon abu ba ne. Tun daga 3.10 aka gyara saƙonnin kuskure sosai, ta yadda idan yaro ya manta bai rufe baka ba za a nuna masa inda ya buɗe ta, idan ya yi kuskuren harafi a suna za a tambaye shi ko kaza yake nufi, a 3.11 kuma aka fara ja layi a ƙarƙashin ainihin wurin da matsalar take. Ga malami ɗaya mai yara hamsin, wannan kamar an ƙara masa mataimaki ne. Ita 3.11 ɗin kuma ta fi 3.10 sauri da kimanin kashi 25 cikin 100 a matsakaici, abin da tsohuwar kwamfuta za ta ji a jikinta.

TAMBAYA: Malam, daga Gusau nake rubutowa. Data ta yi tsada, sabis yana yankewa, wuta kuma sai a hankali. Shin wannan harka ba ta masu wadataccen intanet ba ce?

AMSA: Ɗan'uwa, damuwarka gaskiya ce, kuma ku mutanen Zamfara kun ga abin da ya fi haka a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar na tsawon makonni. Amma yawancin kayan aikin nan ba sa buƙatar intanet kullum. Littafin jagorar Python gaba ɗayansa ana sauke shi sau ɗaya a karanta ba tare da sabis ba. Umarnin pip download yana sauke ƙunshi da duk abin da ya dogara a kansa zuwa cikin jaka ɗaya, sai a zuba a filashi, mutum goma su ɗora daga ciki ba tare da kowa ya sake kashe data ba. Git kuma, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005 domin adana tarihin gyare-gyare, an gina shi ne ta yadda kowa yake da cikakken kwafi a kwamfutarsa, don haka za ka yi aikin mako guda a gida, ranar da sabis ya samu ka tura cikin 'yan mintoci. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, ɗaya ya riƙa saukewa ana raba kuɗin.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Jega. Yarona ya haɗa mini manhajar lissafin shago da waɗannan kayan kyauta. Idan kowa yana iya sa hannu a ciki, me zai hana mugu ya dasa abin da zai kwashe mini sirri?

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kowa yana iya karantawa, kowa yana iya kawo shawarar gyara, amma ba kowa yake da ikon shigar da gyaran ba. Sai wani daga cikin waɗanda aka amince da su ya duba shi layi-layi, sannan dubban gwaje-gwaje su gudana da kansu a kan kwamfutoci iri-iri kafin a karɓa. Duk da haka ba zan ce maka babu haɗari ba. A watan Maris na 2024 aka gano cewa wani ya shafe fiye da shekara biyu yana taimaka wa ƙaramar manhajar matse fayil mai suna xz, har mai kula da ita, wanda aiki ya yi wa yawa shi kaɗai, ya ba shi amana, shi kuwa ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa a ciki. Wani injiniya, Andres Freund, shi ya gano, bayan ya lura cewa shiga wata kwamfuta yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ita ce barin mutum ɗaya da kayan da duniya ta dogara a kansu. Amma ka lura, buɗewar nan ita ce ta ba shi damar bin diddigi har ya kama abin kafin ya yaɗu.

Shi Python kansa idanu da yawa suna kansa. Inda za ku yi hattara shi ne ƙananan ƙunshe da ake saukowa daga rumbun PyPI, inda kowa yake iya ɗora nasa, kuma miyagu sukan sa wa nasu suna mai kama da na sanannen ƙunshi da bambancin harafi ɗaya. Tun farkon 2024 rumbun ya wajabta wa masu ɗora kaya tabbatar da kansu ta mataki biyu. Ka ce wa yaronka ya riƙa duba suna da kyau kafin ya sauke, kada ya ɗora abin da ba ya buƙata, kuma ya riƙa ajiye kwafin lissafinka a wani wuri daban duk mako.

TAMBAYA: Malam, na gama karatun difloma a Birnin Kebbi, ina jiran aiki. Ina son in sa hannu a wannan aikin gayya, amma ina jin kunya domin ban ƙware ba, Turancina kuma ba mai ƙarfi ba ne. Ta ina mace irina za ta fara?

AMSA: Ƙanwata, wasiƙarki ce ta fi faranta mini rai a watan nan. Yawancin aikin da ake buƙata ba ƙirƙirar sabon abu ba ne. Tun 2017 rubutun Python yake a GitHub, wato shafin intanet da masu rubuta manhaja suke ajiye aikinsu su yi shi tare, a 2022 kuma aka mayar da rahotannin matsaloli can, kuma akwai dubbai da suke jiran wanda zai gwada ya ce har yanzu matsalar tana nan ko ta gushe. Wannan aiki ne da za ki iya yi gobe. Rahoto mai kyau kuwa ba ya buƙatar dogon Turanci, abu huɗu yake buƙata: sigar da kike amfani da ita da irin kwamfutarki, mafi gajartar rubutun da yake nuna matsalar, abin da kika sa ran gani, da abin da kika gani a zahiri. Layi uku da kowa zai iya gwadawa sun fi shafi guda na koke. Kafin ki aika, ki bincika ko wani ya riga ki. Idan gyara kika kawo, za a nemi ki sa hannu a takardar izinin amfani da shi, kuma mai yiwuwa ya yi watanni kafin a duba, ko a dawo miki da shi sau uku. Kada ki ɗauki wannan a matsayin raini, yawancin masu dubawar bayan sun tashi daga aikinsu na neman abinci suke yi, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Amma akwai aikin da ke kika fi Guido cancantar yi. A 2017 aka amince da takarda mai lamba 545, wadda ta tsara yadda za a fassara littafin jagorar Python zuwa wasu harsuna, kuma yau ana karanta shi da Faransanci, Sifaniyanci, Japananci, Koriyanci da wasunsu. Tsarin yana buƙatar mutum ɗaya mai haɗa kan masu fassara, sannan kafin a sa harshe a jerin da mai karatu zai zaɓa, sai an kammala darussan masu koyo da shafin ayyukan da harshen ya zo da su. Ba aikin da ya fi ƙarfin mutum goma masu himma ba ne, ko da rabinsu a Birnin Kebbi suke rabi a Gusau. Wahalar da na hango ba yawan shafuka ba ce, kalmomi ne. Na zauna da matasa uku muna neman sunan umarnin da yake sa kwamfuta ta maimaita aiki, ɗaya ya ce zagaye, ɗaya ya ce madauki, na ukun ya ce maimaici, kuma kowa da hujjarsa mai kyau. Idan aka fara fassara kafin a daidaita irin wannan, shafi na biyar zai saɓa wa na ashirin. Saboda haka shawarata ita ce a fara da ƙaramin ƙamus na kalmomi ɗari, a kuma ari dabarar masu PEP: a rubuta kalmar da aka zaɓa, a rubuta waɗanda aka ƙi, da dalilin ƙin su. A kuma jawo malaman Hausa na jami'o'inmu da kwalejojinmu tun farko, domin sun daɗe da sanin ƙa'idar ƙirƙirar kalma.

Ki fara da guda uku ki aiko wa wannan fili: sunan umarnin maimaita aiki, sunan ma'ajiyar da ake ba suna a zuba mata ƙima, da sunan guntun rubutun da ake kira ya yi aiki ya dawo da amsa. Duk mai karatu da yake da tasa shawarar ya aiko tare da dalilinsa, in Allah ya kai mu wata mai zuwa zan jera su a nan mu tattauna.